Kakar 2018: Littafinmu Da Ya Tsaya A Shafi Na 24



A makon jiya mai shayin majalisarmu da ke Bolewa ya sauya teburi. Tsohon ya gaji, gara ta cinye masa ƙafa ɗaya, an daɗe ana tallafe shi da bulo. Da aka zo kwashe tarkacen da ke cikin aljihun teburin, a ƙarƙashin tsofaffin takardu da murafen gwangwanin madara, sai ga wani littafin rubutu irin na 'yan makaranta, bangonsa ya sha mai da hayaƙi. Mai shayi ya ɗauka tsohon littafin bashi ne, har ya fara murmushi yana kallon wasu daga cikinmu. Da ya buɗe sai ya yi shiru, ya miƙo mana. A shafin farko an rubuta da jan biro: Gasar Firimiya ta Najeriya, kakar 2018.

Littafinmu ne. Mu muka saye shi a watan Janairun waccan shekara, muka ba malamin makarantar da ke cikinmu saboda ya fi mu kyan rubutu. Ya zauna da rula ya ja layuka, kowane mako da shafinsa, daga mako na 1 har zuwa na 38. Duk ranar da aka buga wasa, da daddare bayan sallar isha'i sai ya zauna a kan benci, mu kewaye shi da wayoyi muna karanto masa sakamako, shi kuma yana rubutawa, yana tara maki da hannu. Muka yi ta buɗe shafukan muna dariya, ga ɗigon shayi, ga inda aka soke lissafi aka sake. A shafi na 24 rubutu ya tsaya. Daga na 25 zuwa na 38 layuka ne kawai a jere, babu ko harafi ɗaya. Wannan ne ya sa muka ce bari mu zauna mu rubuta tarihin waccan kaka yadda muka gan ta daga nan Potiskum, tun kafin mu ma mu manta.

Ƙannenmu da suka taso yanzu ba za su gane dalilin da zai sa magidanta su sayi littafi saboda ƙwallo ba, sai an tuna musu shekarun da suka gabaci 2018. A watan Mayun 2012 aka kai hari kasuwar shanu, aka kashe mutane da dama. A 2013 aka sa dokar ta-ɓaci a Yobe da Borno da Adamawa, aka katse layukan waya, sannan ga abin da ya faru da ɗalibai a Mamudo. Ranar 10 ga Nuwamba 2014 bam ya tashi a tsakiyar ɗalibai suna taron safe a makarantar sakandaren kimiyya ta nan garin. Babu unguwar da ba a yi zaman makoki ba. An hana hawan babur, an sa dokar hana fita, magariba na yi kowa ya rufe ƙofa. Taron mutum goma ya zama abin tsoro.

Ƙwallon ma ba ta tsira ba. Ranar 17 ga Yunin 2014, ana tsakiyar kallon wasan Brazil da Mexico na gasar cin kofin duniya, bam ya tashi a wani gidan kallo a Damaturu. Daga ranar iyaye mata suka kafa doka a gidaje da yawa: babu mai zuwa gidan kallo. Wasunmu sun yi shekara biyu suna jin sakamakon wasa a rediyo kawai. Maƙwabtanmu El-Kanemi Warriors sai da suka bar Maiduguri suka koma buga wasannin gida a wasu jihohi, ba su dawo filinsu ba sai a 2016. Mutum ya kasance yana da ƙungiya amma ba shi da filin da zai je ya gan ta.

To a cikin wannan hali ne, a ƙarshen kakar 2017, Yobe Desert Stars ta samu gurbin hawa babbar gasa, ita da Kwara United da Heartland ta Owerri da Go Round ta jihar Ribas. Ƙungiyoyi huɗu suka sauka suka ba su wuri: Shooting Stars ta Ibadan, ABS ta Ilorin, Remo Stars, da maƙwabciyarmu Gombe United. Gaskiya yawancinmu a majalisa 'yan Pillars ne tun fil azal. Mun yi murnar kofunan 2008 da 2012 da 2013 da 2014 kamar a Kano aka yanke mana cibiya. Amma wannan daban ne. Ma'anarsa ita ce Enyimba da Rangers da Plateau United, wadda ta ɗauki kofin 2017, dole su shigo mota ko jirgi su zo Yobe, jihar da mutanen kudu ba sa jin sunanta sai a labaran mutuwa. Wani daga cikinmu ya ce ko da kullum za a ci mu, in dai za a ambaci Damaturu a rediyo ba tare da an ce "an kashe" ba, shi ya gode Allah.

An fara gasar a tsakiyar Janairun 2018, da ƙungiyoyi 20, kowace za ta buga wasa 38, gida da waje. Lokacin sanyi ne, hazo ya rufe gari. A daidai lokacin kuma ana gasar CHAN a Maroko, wadda 'yan wasan da ke buga gasar cikin gida kaɗai ke zuwa. Tawagar Najeriya ƙarƙashin Salisu Yusuf, da Rabi'u Ali na Pillars a ciki, ta kai har wasan ƙarshe. Maroko ta zuba mana 4 da nema a Kasablanka ranar 4 ga Fabrairu, amma duk da haka mun ɗauki abin a matsayin shaida cewa gasar da muke rainawa tana da 'yan wasa. Samarin da ba su san komai ba sai Chelsea da Barcelona suka fara tambayar wa Yobe za ta kara da shi ranar Lahadi.

Filin gidanmu shi ne filin wasa na 27 ga Agusta da ke Damaturu, wanda aka sa wa sunan ranar da aka ƙirƙiro jihar Yobe daga Borno a 1991. Daga Potiskum tafiyar kilomita kusan 100 ce. Ranar Lahadin da ake wasan gida, bayan azahar sai mu haɗa kuɗin mai, mu cika motar wani ɗan majalisa da ke jigila a wannan hanya. Mu wuce Mamudo kowa ya yi shiru na ɗan lokaci, mu wuce Damagum, mu wuce Ngelzarma, a kowane shinge a sauke gilashi a gaisa da jami'an tsaro. Akwai wani soja ɗan kudu da ya gane mu, in ya leƙo ya ga riguna sai ya ce mu taho masa da maki uku. Da ƙarfe huɗu ake take wasa, kafin magariba ta yi nisa mun kama hanyar gida, domin har lokacin ba mai son dare ya yi masa a hanya.

Wasannin Laraba kuwa rigima ce. Laraba ranar kasuwar shanu ce, kuma rabin majalisarmu a can suke neman abinci, wani dillali, wani mai lodi, wani mai sayar da igiya. Ba mai barin ciniki saboda ƙwallo. Sai dai mutum yana tsaka da taya bijimi, wayarsa na kunne, yana tambayar wanda ya samu zuwa ko an ci. An taɓa samun wani cikinmu da ya ɗaga murya ya ce "an ci!" a tsakiyar ciniki, mai saniya ya ɗauka ya sallama ne, sai da aka yi ta ba da haƙuri.

Mun koyi halin gasar Najeriya a waccan kaka da idonmu. A gida kowa zaki ne, a waje kuwa samun canjaras kamar tsintar dami a kala ne. Ƙungiya za ta kwana biyu a mota daga Damaturu zuwa Uyo ko Fatakwal, ta sauka da kumburarrun ƙafafu, ta buga wasa, ta sake hawa mota domin ta tarar da wasan tsakiyar mako. Mu 'yan garin manyan motoci mun san abin da wannan hanya take yi wa jikin mutum, don haka ko an ci yaranmu a waje ba ma cika zaginsu ba. Malamin da ke riƙe da littafi ya lura da wani abu tun kafin a je mako na 10: tazarar da ke tsakanin ta sama da ta ƙasa ba ta da yawa, nasara biyu a jere sai ta ɗaga ƙungiya sama, rashin nasara biyu kuma sai ta tsinci kanta a bakin rami. Wannan ya sa kowane wasa yana da nauyi.

Ba za mu ce kakar ta tafi cikin farin ciki kawai ba. Ranar 19 ga Fabrairu aka sace 'yan mata 110 daga makarantarsu a Dapchi. A shafin wannan makon rubutun malam ya canza, babu ko ɗaya daga 'yan barkwancin da ya saba sawa a gefe. Mun yi gardama a majalisa ko ya dace a ci gaba da zuwa kallo alhali iyaye na kuka a Bursari. Wasu suka ce bai dace ba, suka zauna. Wasu suka ce abin da masu wannan ta'asa suke so ke nan, a rufe makaranta, a rufe kasuwa, a rufe fili, kowa ya shige ɗaki. Ba mu daidaita ba, kuma har yau ba mu ce wani ɓangare ya yi kuskure ba. Da aka dawo da mafi yawan yaran ranar 21 ga Maris, aka bar Leah Sharibu a hannunsu, murnar ta zo da ɗaci a ciki.

Tauraron kakar kuwa ba namu ba ne, na Pillars ne: Junior Lokosa. Yaron ya riƙa zura ƙwallo kamar an aiko shi. Kafin a tafi hutu ya ci 19. Tarihin da ake da shi a lokacin na Mfon Udoh ne, wanda ya ci wa Enyimba 23 a kakar 2014. Wato saura huɗu ya kamo, biyar ya wuce, ga makonni 14 a gaba. A bayan littafinmu akwai shafin da malam ya ware masa, yana jan kara ɗaya duk ƙwallon da ya ci, kamar yadda mai shayi ke lissafin bashi. Har caca ta baki aka yi, ba ta kuɗi ba: wani ya ce zai kai 30, wani ya ce in ya wuce 25 zai sayi shayi da burodi ga duk majalisa. A saman teburi kuma Lobi Stars ta Makurdi ce, ƙarƙashin Solomon Ogbeide, Akwa United na take mata baya.

Azumi ya kama a tsakiyar Mayu, ga zafin da kowa ya sani na wannan yanki. Aka ci gaba da wasa har mako na 24, sannan aka ce a tafi hutun gasar cin kofin duniya ta Rasha, a dawo a watan Yuli. Muka yi ƙaramar Sallah, washegari Kuroshiya ta ci mu 2 da nema. Ranar Juma'a 22 ga Yuni Ahmed Musa, wanda ya taɓa zama gwarzon cin ƙwallaye a wannan gasa tamu da rigar Pillars, ya zura wa Iceland biyu. A daren nan Bolewa ta yi ihun da ta daɗe ba ta yi ba. Gidajen kallo sun cika, har da waɗanda iyayensu suka hana su tun 2014. Ajantina ta fitar da mu ranar 26 ga wata, muka ce ba komai, saura kwana kaɗan mu koma namu.

Ashe mun gama ganin namu ke nan. Rigimar da ta tsayar da gasar ta samo asali tun 2014, lokacin da aka yi zaɓe biyu na shugabancin hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, NFF. Chris Giwa ya ce shi aka zaɓa a Abuja a watan Agusta, Amaju Pinnick kuma aka zaɓe shi a Warri a ƙarshen Satumba, kuma shi FIFA ta amince da shi. Magana ta je kotu ta yi shekaru. A watan Afrilun 2018 Kotun Ƙoli ta mayar da shari'ar babbar kotun tarayya da ke Jos. A farkon Yuli, tawaga na dawowa daga Rasha, ministan wasanni Solomon Dalung ya ce a bi umarnin kotu, Giwa ya shiga ofishin hukumar a Abuja ya zauna. Aka wayi gari hukuma ɗaya, shugabanni biyu.

Da farko mun ɗauka rigimar manya ce da ba ta shafe mu ba. Sai malam ya yi mana bayani: alƙalan wasa da masu sa ido a kan wasa daga hukumar suke fitowa. In shugabanni biyu ne, wa zai tura alƙali? In an buga wasan, wane ɓangare ne zai amince da sakamakon? Kamfanin LMC da ke gudanar da gasar, ƙarƙashin Shehu Dikko, ya ɗage dawowa ba tare da sa rana ba. Ita kuma FIFA dokarta ba ta yarda gwamnati ko kotun ƙasa ta sa baki a shugabancin ƙwallo ba, don haka ta ba Najeriya wa'adi zuwa ranar 20 ga Agusta: ko a mayar wa Pinnick ofis, ko a dakatar da ƙasar daga duk wata harkar ƙwallo ta duniya.

Ba za mu manta wannan rana ba domin ranar Arfa ce, jajiberin babbar Sallah. Gari ya cika da raguna, ana ta lodin dabbobi zuwa kudu, mu kuma muna leƙa waya. Daf da cikar wa'adi gwamnatin tarayya, ta bakin mataimakin shugaban ƙasa Yemi Osinbajo, ta sanar da FIFA cewa Pinnick ta sani. Muka ce alhamdu lillahi, bayan Sallah sai fili. Malam har ya sayi sabon biro.

Amma lokaci ya riga ya ƙure. Hukumar ƙwallon Afirka, CAF, ta sauya jadawalinta a waccan shekara, tana son sunayen wakilan kowace ƙasa kafin tsakiyar Oktoba. Ba yadda za a yi a buga makonni 14 a ɗan wannan tsakani, ga kuma gasar kofin ƙalubale ba a yi ba. A ƙarshen Agusta masu gudanar da gasa da shugabannin ƙungiyoyi suka zauna suka yanke hukunci: an rufe kaka a mako na 24. Lobi Stars da ke sama da maki 43 ita za ta wakilci Najeriya a gasar zakarun Afirka. Babu ƙungiyar da za ta faɗi. Malam ya yi lissafi a gabanmu: maki 43 Lobi ta tara, maki 42 kuma suka rage a fili ga kowace ƙungiya ba a taɓa su ba. Wasanni 140 aka binne da ransu. Lokosa ya tsaya a 19. Ranar 20 ga Satumba aka taru a Katsina aka sake zaɓen Pinnick, manya suka yi musabaha, mu kuma aka bar mu da farin shafi.

Gaskiyar magana, a daren da aka sanar wasunmu murna suka yi. Suka ce tunda ba mai faɗuwa, Yobe ta tsira, baɗi ma muna ciki. Dattijon majalisarmu, wanda muke kira Baba, ya girgiza kai ya ce: "Yara, bashi ne aka ɗage muku, ba yafewa aka yi ba." Kafin mu ga gaskiyar maganarsa sai da muka sha wani ɗacin. Ranar 24 ga Oktoba a Asaba, Pillars ta kai wasan ƙarshe na kofin Aiteo, ta zura wa Rangers uku da nema. Muna gidan kallo an fara rabon goro. Rangers ta farke duka ukun kafin a tashi, ta ɗauke kofin a bugun fenariti. Mai gidan kallo ya kashe janareto ba wanda ya motsa daga kan benci.

Bashin da Baba ya faɗa ya zo a 2019. Tunda ba wadda ta faɗi, kuma huɗu sun hau daga ƙasa, ƙungiyoyi suka zama 24. Aka raba su rukuni biyu, 12 a kowane, aka ce huɗu za su faɗi daga kowane rukuni domin a koma 20. Wato a maimakon huɗu cikin 20, takwas cikin 24 za su tafi, ɗaya cikin kowace uku, kuma a gajeriyar kaka mai wasa 22 wadda ba ta ba mai tuntuɓe damar miƙewa. Yobe Desert Stars ta faɗi. El-Kanemi ta faɗi. Gombe United da ta dawo a shekarar ta sake faɗuwa. Ƙungiyoyi uku na arewa maso gabas a rukuni ɗaya, a kaka ɗaya. Enyimba ta ɗauki kofin a Legas, na takwas a tarihinta, Pillars ta zo ta biyu, sannan ta share hawayen Asaba da ɗaukar kofin Aiteo a Kaduna. Amma motar Lahadi zuwa Damaturu ta daina tashi. A wannan kaka ba mu sayi littafi ba.

Akwai asarar da ba ta shiga kowane teburi ba. Muna da ƙane a unguwa, mai tsaron gida ne, dogo, hannunsa kamar faranti. Wani mai horarwa ya gan shi a gasar unguwanni a farkon 2018, ya ce ya ci gaba da atisaye, idan an dawo daga hutu zai kai shi gwaji wata ƙungiya. Yaron nan ya yi azumi yana gudu bayan sallar asuba. Muka haɗa masa kuɗin takalmi da safar hannu. Hutu bai ƙare ba, mai horarwar ya bar aikin, lambarsa ta daina shiga. Mahaifinsa ya ce ya isa haka, ya haɗa shi da wani direban tirela. Yau yana da tasa motar da yake ja zuwa Legas, yana da mata da 'ya'ya biyu, Allah ya rufa masa asiri. Ba mu ce da an ƙarasa kaka da ya zama wani abu ba, wannan sanin Allah ne. Abin da ke damunmu shi ne ba a taɓa gwada shi an ce bai iya ba. Haka masu sayar da ruwa da gyaɗa da rake a bakin fili, da 'yan wasan da iyalinsu ke jiran alawus ɗin wasa, duk rigimar kujera ta bi ta kansu ba tare da ta san da su ba.

Da muka nuna wa Baba littafin a makon jiya, ya daɗe yana shafa fararen shafukan. Shi ya yi makarantar kwana tun zamanin da ake koya wa ɗalibai wasan kurket, irin wanda Sardauna ya buga a Kwalejin Katsina. Ya ce mana a wannan wasa, a matakinsa na sama, akan yi kwana uku ko huɗu ana wasa ɗaya, kuma akwai mutanen da aikinsu kawai su zauna da littafi su rubuta kowace jifa. Ya ce gasar gundumomin Ingila tun 1890 ake yin ta a hukumance, kuma in ka nemi sakamakon kowace shekara za a buɗe maka, domin akwai littafin Wisden da ke fita duk shekara tun 1864. Yaƙin duniya na ɗaya da na biyu ne suka tsayar da ita. Sai ya ce: "Su yaƙi ne ya tsayar da tasu. Mu mun buga tamu cikin yaƙi, kujera ce ta tsayar da ita."

Muka yi dariya, amma sai ya juyo da maganar kanmu. Ya tambaye mu: gasar unguwanni nawa aka fara a garin nan aka ƙarasa lafiya? Kowa ya sunkuyar da kai. Mun sani. Sau nawa ake zuwa wasan kusa da na ƙarshe, a yi rigima kan fenariti, magoya baya su shiga fili, alƙali ya tsallake katanga, kwamiti ya rabu biyu, kofi ya kwana a gidan wanda ya saya? Sau nawa mai ɗaukar nauyi yake janyewa da zarar zaɓe ya wuce? Ya sake tambaya: wa ya ci gasar garin nan shekara 15 da suka wuce, wa ya fi cin ƙwallo? Mutum shida, amsa huɗu. Laifi tudu ne, mun taka namu muna hango na Abuja.

Wannan ne ya sa muka kawo maganar nan gabanku. Ba mu da iko a kan abin da manya za su yi da gasar ƙasa. Bayan 2018 ma an sake yanke wata kakar a 2020 saboda annobar korona, wannan kuwa ba laifin kowa ba ne. Amma gasar da muke shirya wa yaranmu a filayen makarantu tana hannunmu. Kafin a take ƙwallon farko a rubuta doka, kowace ƙungiya ta sa hannu: me za a yi in an tashi wasa da rigima, wa ke yanke hukunci, kuma hukuncinsa ya zauna ko ya yi wa unguwarmu ɗaci. Kuɗin kofi da na alƙalai a tara su a ajiye tun farko, kada a dogara da alƙawarin mai neman ƙuri'a. Sannan a samu mutum ɗaya mai amana da kyan rubutu a ba shi littafi, ya rubuta kowane wasa, da sunan duk yaron da ya ci ƙwallo da wanda ya tsare gida. Wata rana wani zai zo neman ɗan wasa, ko wani yaro zai so ya nuna wa ɗansa cewa shi ma ya taɓa yi.

Muna kuma roƙon duk wanda ke da hoton waccan kaka, ko tikitin shiga fili, ko tsohuwar riga, ko ma labarin da ya gani da idonsa a Damaturu, ya taimaka ya kawo. Haka iyayenmu da suka buga ƙwallo a garin nan tun muna cikin jihar Borno, a je a zauna da su a rubuta abin da suka tuna tun suna raye.

Littafin kuwa mun yi shawara a kansa. Wani ya ce a yage fararen shafukan mai shayi ya samu na ƙunshe burodi. Malam ya ce a'a. Ya karɓa ya sa a leda, ya ce zai ajiye shi yadda yake, shafi 24 a cike, 14 a fari. Ya riga ya sayi wani sabo domin gasar unguwanni da za a fara bayan damina, ya ja layukansa har zuwa wasan ƙarshe. Ƙanen nan namu direba ya ce shi zai sayi ƙwallaye da raga, da sharaɗi ɗaya: a ƙarasa.

Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa a waɗancan shekaru, ya dawo da waɗanda har yanzu ke hannun miyagu, ya zaunar da Potiskum da Yobe da ƙasa baki ɗaya lafiya. Amin.